Gwaggo Tancho Tana Da Rai

Polorós, La Unión
Tsakiyar watan Yuni

Zuwa ga ƙanena Neftalí,

Ina miƙo maka gaisuwa daga gida, mai yawa, irin wadda takarda ba za ta iya ɗauke ta duka ba. Ina fatan wannan wasiƙa za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Griselda da 'yan matanka biyu. Na san yanzu ɗari ya kama ku a Melbourne, don haka ina roƙon Ubangiji ya tsare ƙirjinka daga tarin nan da yake damun ka tun kana yaro, ya sa albarka a aikinka, ya raya maka zuri'a. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka da wuri bana, masara ta kai gwiwa, shanu sun ƙoshi har nono ya yi araha. Maigidana Rutilio yana nan da ciwon bayansa da kuma bakinsa, babu wanda ya ragu a cikin biyun. Matar ɗana Wilfredo ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata sunan marigayiya Inna. Baba kuwa yana cin abinci, yana barci, sai dai ƙafafun nan da suke kumbura da yamma.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna bayan ga waya. Dalili shi ne, in ka tashi daga aiki mu muna tsakiyar barci, in kuma ka kira da safe rabin hankalinka yana kan jirgin ƙasa, sai ka ce Yaya Tila yi sauri. To, maganar nan ba ta sauri ba ce. Na hana kowa ya faɗa maka ta a guntule. Zan rubuta ta a tsanake, 'yata Idalia ta ɗauki hoton takardun ta turo maka, kai kuma ka nemi wuri ka zauna ka karanta tare da Griselda.

Da farko, na ga tsarin tafiyar da ka aiko na Disamba, kuma na yaba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kai kuwa tun kana ƙarami ba a fi ka shiri ba. Sati uku: ɗaya a gida tare da mu har Kirsimeti, sauran kuma ka zaga da iyalinka bakin teku, ku haura Guatemala su ga tsohon birnin Antigua da tafkin nan da ake ta ɗaukar hotonsa. Na san shekarun da ka yi kana tara kuɗin jirgin mutum huɗu, na san kuma alkawarin da ka yi wa yaran cewa za su ga ƙasar ubansu kafin su zama manyan mata. Da na karanta wa Baba tsarin, dariya ya yi, ya ce wai wannan ziyara ce ko tseren keke, ko dai ɗan nasa ya ci bashin wani ne a gari yake gudun a kama shi. Amma daga baya na ji shi yana gaya wa maƙwabta, da alfahari, cewa ɗansa zai zo da jirgi daga ƙarshen duniya. Da abin ya tsaya a nan, da ban ce maka komai ba sai Allah ya kawo ku lafiya.

Ka san labarin Gwaggo Tancho, yayar Baba, amma a gutsure ka san shi, don Baba bai taɓa ba da shi a zama ɗaya ba. Bari in haɗa maka. A Honduras suka girma, can cikin Olancho, inda Kaka Eusebio ya je neman ƙasar noma. Shekarar da Honduras da ƙasarmu suka yi yaƙi aka kori mutanenmu daga can, Kaka ya kwaso iyalinsa da abin da za su iya ɗauka a ka suka tsallako. Baba yana saurayi a lokacin. Gwaggo ita kaɗai ta tsaya, don tana auren ɗan ƙasar, Anacleto, kuma tana da tsohon ciki. Aka rufe iyaka shekara da shekaru. Kafin a buɗe, namu yaƙin basasar ya taso, muka yi ta ƙaura daga wannan ƙauye zuwa wancan, wanda zai rubuto bai san inda zai aika ba. Sai bayan guguwar Mitch, wadda ta yi ambaliya a Honduras, wani mai fataucin shanu ya gaya wa Baba cewa ruwa ya ci gidan Anacleto da matar gidan. Tun daga nan, duk watan Nuwamba sai Baba ya sa an yi mata addu'ar matattu a coci. Kai ma ka sha riƙe kyandir a wurin kafin ka tafi.

To, ranar kasuwar Santa Rosa, farkon watan jiya, Baba ya nace sai ya bi ni, wai zaman gida yana sa shi tsufa. Na zaunar da shi a kan kujera bayan teburin cukuna. Kusa da ni akwai wata mata, Doña Fidelina, da ta fara kawo cuku daga Honduras bana. Baba yana jin maganarta ya gane bakin Olancho, ya tambaye ta daga wane gari. Hira ta yi hira, har ya ce shi ma ya sha ruwan can, yana da yaya mai suna Tránsito, ana ce mata Tancho, matar Anacleto Meza, Allah ya jiƙan ta, ruwa ya tafi da ita. Matar nan ta ajiye wuƙar yankan cuku ta dube shi. Ta ce wace Tancho, ba dai ungozomar nan mai faɗan tsiya ba? Ta ce in dai ita ce ta mutu, to fatalwarta ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta biyu na ƙarshe, kuma fatalwar ce ta zage ta a ƙofar coci ranar Ista saboda ta sa siket mai tsaga. Ta ce mijin, Cleto, shi ne ruwa ya ci, shi da alfadarinsa, ita kuwa tana can wani ƙauye tana karɓar haihuwa.

Nefta, ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Bai yi kuka ba, bai yi murna ba. Ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa, ya tambayi matar a hankali ko Tanchon da take nufi tana da tabo a girar hagu. Ta ce ƙwarai, kamar an tsaga girar biyu. Ya ce shi ya yi mata shi da majajjawa suna yara. Sai ya miƙe, ya mayar da malafa, ya kama hanya. Na zaci ban ɗaki za shi. Sai da Rutilio ya je sayen gishirin shanu ya tsince shi a tasha, yana tsaye a layin motar El Amatillo, bakin iyakar Honduras, ba jaka, ba magani, ba ko katin shaida a aljihunsa. Rutilio ya ce da shi, Tsoho, ina za ka haka kamar wanda aka aika sayen ashana? Baba ya ce wai zai je ya dawo ne yanzu. Da ƙyar aka lallaso shi.

Doña Fidelina, Allah ya saka mata, ta nemo mana lambar wata jikar Gwaggo mai suna Suyapa, malamar makaranta, wadda ita ke zaune da ita. Suyapa ta ce mu kira ranar Lahadi da safe, ta nanata cewa lallai da safe. Ban kawo komai a raina ba. Baba ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, har da turare, kamar ƙamshi zai bi ta waya. Da fuskarta ta fito, wata 'yar tsohuwa ƙarama da farin kitso guda, sai Baba ya gyara zama. Ita ta fara magana. Ta matso da ido ta ce wai wannan ungulun ne ƙanenta Lalo, ina gashin da yake yi wa 'yan mata yanga da shi? Baba ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, Yaya, shekara da shekaru ina biyan kuɗin addu'ar mutuwarki. Ta ce to maza ya je wajen limamin coci ya maido masa da kuɗinsa, ko kuma a ajiye mata su, za su yi amfani nan gaba kaɗan. Ta ce ita ma tana kunna masa kyandir, don an ce mata sojoji sun kashe shi, ashe asarar kyandir take yi a kan ƙaton banza. Suka yi ta dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, mu ma da ke tsaye a bayansa kowa ya nemi gefen riga. Ta tambayi Kaka da Kakarmu. Ya gaya mata inda aka binne su. Ta ce ta sani a jikinta, amma gara da ta ji daga bakin ɗan'uwa.

Daga ranar nan gidanmu ya zama majalisar tafiya. Baba ya ce gobe. Rutilio ya ce ai sai dai in Tsoho ya koyi iyo, don daga garin Catacamas na Olancho zuwa ƙauyen Gwaggo hanyar ƙasa ce, kuma akwai kogin da ba gada, wanda in ya cika ko babbar mota ba ta gwada shi. Likitar asibitinmu ta ce ba ta hana shi tafiya ba, amma zuciyarsa da ƙafafunsa ba za su ɗauki zaman mota tun safe har dare ba, dole a riƙa tsayawa yana taka ƙasa, a kuma kwana a hanya. Sai muka ga ai abin ya zo daidai: a jira Disamba, ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, kai ma kana nan, a cire 'yan kwanaki daga yawonku a je gaba ɗaya. Baba ya yi ta gunaguni amma ya yarda, ya ce wanda ya jira rabin ƙarni ba wata shida ne zai kashe shi ba. Ban san ya riga ya sayar da karsanarsa ba, farar nan da yake kira Paloma, sai da na ga mai saye ya zo da igiya. Na yi faɗa, na ce ga mu ga ka, me zai sa ya taɓa dabbarsa. Ya ce ba zai je wajen yayarsa da guzurin 'ya'ya ba, da ƙafarsa da aljihunsa zai je. Na ƙyale shi, don na ga ba maganar kuɗi yake yi ba.

Ana haka, Suyapa ta kira ni ni kaɗai. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce ba ta so ta ɓata mana farin ciki, amma ba za ta iya jin muna cewa Disamba ta yi shiru ba. Ta ce jikin kakarta garau yake, har yanzu tana iya sharar tsakar gida, amma hankalinta ne yake tafiya. Da safe tana nan sarai, tana sanin kowa, tana zagin kowa. Da rana ta karkata sai ta fara neman Cleto, ta riƙa haɗa jakarta wai an zo kiran ta haihuwa. Ta ce bara sai jefi-jefi ne, bana kullum ne, kuma safiyar da take samu tana ƙara gajarta. Likitan da ya duba ta ya ce ba mai iya faɗin ranar da za ta daina gane mutane, amma duk mai son ta san shi kada ya yi jinkiri. Na kwana biyu da maganar nan a cikina, na rasa ta inda zan ɓullo wa Baba.

Ashe ba sai na faɗa ba. Wata rana da la'asar ya matsa wa Idalia ta kira masa yayarsa, don ya tuna sunan wani karensu na yarinta yana so ya tambaye ta. Ina ɗakin girki ina jin su. Gwaggo ta dube shi ta gaishe shi da ladabi, kamar baƙo, ta tambaye shi ko matarsa ce take naƙuda. Na fito da sauri zan karɓi wayar, ya ɗaga mini hannu. Ya ce mata a'a, shi matafiyi ne, ya zo ne daga wajen ƙanenta Lalo. Fuskarta ta washe. Ta ce yaron nan yana cin abinci kuwa? Ta ce a gaya masa ya daina hawa bishiyar mangwaron mutane, kuma ranar da suka tafi ya manta rigarsa a kan igiya, tana nan ta ajiye masa. Baba ya ce zai gaya masa, kuma Lalo ya ce a faɗa mata yana nan tafe. Da aka kashe wayar ya juyo gare ni. Sannan ya ce, Tila, ashe kin sani. Na ce na sani, Baba. Ya ce to Disamba ta yi nisa, mu je tun maigidan, wato hankalinta, yana cikin gidan.

Ga abin da muka tsayar. Za mu tafi a kanikula, ɗan farin nan na tsakiyar damina, ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, lokacin da ruwa yake ɗan ja da baya kogi ya sauka. Ba tabbas ba ne, ka san halin sama, amma Suyapa za ta riƙa duba kogin tana gaya mana, kuma jakunkuna za su kasance a ɗaure. Ba za mu bi motar haya ba. Ɗan'uwan Rutilio ya ba mu a-kori-kurarsa, mu dai mu zuba mai. Za mu tsallaka ta El Amatillo da sassafe, mu kwana a Tegucigalpa, babban birninsu, gidan ƙanwar Doña Fidelina, washegari mu kai Catacamas mu sake kwana, don mu shiga ƙauyen da hantsi, lokacin da Gwaggo take cikin hayyacinta. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Wajen daɗewa an sha gardama. Baba ya ce wata guda, Rutilio ya ce to shanun su tatsi kansu ke nan, Baba ya ce ai da ma sun fi shi hankali. An dai tsaya a kan kamar sati biyu, in ya so Rutilio ya dawo ya bar mu. Kuɗin karsana za su ishi mai da abinci da tsaraba, har a canza wasu zuwa lempira, kuɗin can, a bar wa Suyapa na magani. Ta wannan ɓangaren kada ka damu, ba ko sisinka nake nema ba.

Kai nake nema. Kuma ka sani Baba ya hana ni. Ya ce kada in ɗora wa yaron kaya, yana da iyali, ya yi wa 'ya'yansa alkawari, kuɗin jirgi ba ganyen bishiya ba ne. Amma a daren da muka tsayar da magana, muna cin wainar masara da wake, ya faɗi wani abu ba da ni yake ba. Ya ce shi yanzu ya tsufa, ya zama wani mutum, in suka isa aka yi rashin sa'a ba za ta ga Lalo a fuskarsa ba. Amma da za ta ga Nefta, ko da tsakar rana ne sai ta miƙe tsaye, don Nefta shi ne Kaka Eusebio sak, a daidai shekarun da ta rabu da shi, har tsayuwar da yadda yake karkata kai in yana sauraro. Ya ce ba ta yi sallama da ubanta ba, ranar da suka tafi tana ɓoye a rumbun surukanta. Daga nan ya ce a miƙo masa gishiri, bai ƙara ba. Na je na ɗauko tsohon hoton Kaka na haɗa da wanda ka turo na bikin makarantar yara. Gaskiya Baba ya faɗa.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. In ka zo kai kaɗai a kanikula, hutunka zai ragu, kuɗin Disamba zai gutsure, wataƙila a fasa Guatemala, wataƙila ma sai a ɗaga zuwan yaran zuwa baɗi. Ba ni da bakin da zan ce wa Griselda haƙƙinta bai kai ba, ita da ta yi ta aikin dare don tafiyar nan. Shi ya sa na ce ku karanta tare. Abin da zan ce kawai, teku da tafki suna nan inda Allah ya ajiye su, ko shekara goma aka yi za su jira. Ku yi shawara, ku duba abin da za ku iya. In ya yiwu, ka sauka San Salvador, babban birninmu, kafin ƙarshen Yuli, ka huta kwana biyu a gida gajiyar jirgi ta sake ka, sai mu kama hanya. In bai yiwu ba, wallahi ba wanda zai riƙe ka a zuci, za mu je mu kira ka daga can da safe, ka gaishe ta ta waya. Zumunci a ƙafa yake, amma Allah ya san nisan da ke tsakani.

Rutilio yana gaishe ka, ya ce in za ka zo ka taho masa da maganin bayan nan na shafawa, in ba haka ba kai za ka tura mota a kogi. Wilfredo da maijego suna gaisuwa, haka Idalia, wadda ta ce in gaya maka hannunta ya gaji da riƙe wa tsofaffi waya. Ka gaishe mini da Griselda da kyau, ka ce ina tuna alherinta. Ka rungume mini Maritza da ƙaramar, Noemí, ka ce Gwaggo Tila ta ga hotunansu, sun yi tsawo kamar rake. Baba bai san na rubuta ba, amma na san da ya sani da ya sa maka albarka, don haka na sa a madadinsa.

Saura gaisuwa ɗaya, daga Olancho. Jiya Suyapa ta gaya mini Gwaggo ta ware talotalo guda ta ɗaure a gindin lemo, ana yi masa kiwo na musamman saboda baƙi. Ta ce kusan kullum in gari ya waye sai tsohuwar ta fito ta gan shi, ta tambaya wa ya ɗaure wannan, na wane ne. Sai Suyapa ta ce, Kaka, ai na Lalo ne, yana da rai, yana nan tafe. Sai ta dafe ƙirji ta zauna, ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce a ƙara wa tsuntsun masara. Kullum sabon albishir. Shekaranjiya kuma da aka gaya mata Lalo yana da ɗa namiji a wata ƙasa mai nisa, ta ce a gaishe shi, a ce masa ba ta san shi ba, amma cinya guda tasa ce.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Otilia